Yadda muka shawo kan cizo da haushin Auduga, ɗan karenmu

Kaji ne suka sa na ajiye kare. Ina kiwon masu ƙwai a bayan gidanmu da ke Bukur, kuma an yi wani lokaci da ake yawan tsallako katanga da dare a ɗebi wasu. Da wani abokin aikina zai koma Abuja, gidan hayar da ya samu ba a yarda da dabbobi, sai ya ce in karɓi karensa. Abin da aka sauke mini daga mota bai kai gwiwata ba. Fari ne sol, gashi ya rufe masa ido, nauyinsa bai wuce kilo 7 ba. Irin wanda masu sayar da karnuka a Jos suke kira Lasa ne. Yara suka raɗa masa Auduga.

Asalin irin nan daga yankin Tibet da ke nahiyar Asiya yake. A can ana ajiye su ne a cikin gidajen ibada da gidajen manya, ƙattin karnuka suna waje, su kuma suna ciki, aikinsu su ji motsi su sanar. Ta wannan fannin Auduga bai ba ni kunya ba, don tun da ya zo ba a sake taɓa mini kaza ba. Kafin in karɓe shi na tambayi malaminmu, ya ce kare na gadi ba laifi, a yi masa wurinsa a tsakar gida, amma in sani cinsa da shansa da lafiyarsa suna wuyana. Muka yi masa ɗan ɗaki na katako kusa da baranda.

Sai dai haushin nasa ba shi da iyaka. Mai ruwa ya turo kurarsa, haushi. Almajiri ya yi sallama, haushi. Mota ta tsaya a ƙofar maƙwabci, haushi har muryarsa ta dushe. Baƙo in ya juya zai fita, sai ya bi shi ya kai wa dugadugansa cafka. In yana cin abinci ba mai giftawa ta kusa da kwanonsa. Akwai wata tsohuwar kujera a baranda da ya mayar tasa, duk wanda ya zo zama sai ya sha gurnani. Ga fitsari a jikin ginshiƙai da buhunan dusa. Saboda ƙanƙantarsa, abin dariya yake ba mutane, har ɗaukar sa ake yi a waya yana yage baki.

Dariyar ta ƙare ranar da ɗan ƙanwata mai shekara 5 ya zo hutu. Ya tarar da Auduga yana barci, ya lallaɓa ta baya ya rungumo shi zai ɗaga. Karen ya juyo ya cije shi a tsintsiyar hannu, fiƙoƙi suka shiga.

Uwargida ta ja yaron zuwa bakin famfo, ta yi ta wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, wanda shi ne abu na farko da ake so a yi wa duk wanda kare ya ciza. Daga nan muka wuce asibiti da katin rigakafin karen a hannu. Ciwon haukan kare ba abin wasa ba ne, da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum da wuya a tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma da yawansu yara ne. Mu a Bukur muna jin labarinsa sosai, don ga Vom nan kusa da mu, inda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa take tun 1924, can ake haɗa allurar rigakafin karnuka, can kuma ake kai samfur a gwada in ana zargin kare ya haukace. Allurar Auduga ba ta daɗe ba, likitan yaron ya duba katin, ya gyara ciwon, ya yi masa allurar tetanus. Aka ce mu killace karen mu sa masa ido kwana 10, domin wanda yake da cutar a miyansa lokacin da ya yi cizo ba ya wuce haka bai nuna alama ba. Ya cika kwanakin lafiya lau.

Ƙanwata ta ce, "Yaya, karen nan ko dai a bayar da shi ko a kashe." Ban ga laifinta ba, ɗanta ne. Maƙwabcina kuma ya ce dorina kawai zan samu, in zane shi sau ɗaya mai kyau ya san maigida. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne, in na bayar da shi, gidan da zai je ma akwai yara. Sai na sa shi a mota na kai wa wata likitar dabbobi da ke da ɗan asibiti a hanyar Jos.

Na fara zayyana mata halayensa, ta katse ni. "Malam, bari mu fara duba jikinsa tukuna. Da yawa daga karnukan da ake kawo mini da sunan mugunta, ciwo ne yake cin su." Aka sa masa takunkumi, ta fara buɗa gashin. Daga sama fari ne mai laushi, amma a ƙasa, bayan kunnuwa da hammata, ya dunƙule tamau yana jan fata, ga kaska sun maƙale a ciki. Kunnen hagu ya yi ja, yana ruwa yana wari. Ta lanƙwasa ƙafarsa ta baya, ta nuna mini yadda ƙoƙon gwiwar yake gocewa ya koma. Wannan ne dalilin ɗan tsallen da yake yi da ƙafa uku wani lokaci. Ta ce gocewar gwiwa da ciwon dasashi sun yi yawa a ƙananan karnuka, don haƙoransu a cushe suke cikin ɗan baki. Da muka tambayi yaron daga baya, ta gefen kunnen nan mai ciwo ya riƙo shi.

Aka yi masa aski, aka ba da maganin ɗigawa a kunne da na kaska. Ta ja mini kunne kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen, kuma a daina zuba masa miyar gida, don albasa da tafarnuwa suna lalata wa kare jini. Saboda gwiwar, kada ya yi ƙiba, kada ya riƙa dirowa daga kujera. Da kunnen ya warke, saurin fushinsa ya ragu ƙwarai. Amma haushin ƙofa da gadin kwano suna nan yadda suke.

Da na koma, ba karen ta duba ba, ni ta zaunar ta yi ta yi wa tambayoyi. Wa yake ɗaukar sa? Na ce kowa. Shi yake zuwa a ɗauke shi, ko bin sa ake yi a kama? Na ce bin sa ake yi. In ya yi gurnani me ake yi masa? A nan amsar ta rabu gida biyar. Ni tsawa nake daka masa. Uwargida tsintsiya take ɗagawa. Babbar 'yata sunkutar sa take yi ta rarrashe shi. Auta biskit yake jefa masa don ya yi shiru. Yaron da ke kula da kaji kuwa ƙafa yake bugawa a ƙasa yana ƙara zuga shi. Yaushe rabon da ya fita waje? Tun da ya zo bai taka ƙofar gida ba in ba zuwa wurin likita ba, don muna ganin tsakar gidan ta ishi ɗan wannan abu.

Ta ce, "Malam, ka ɗauka wani mai tsawon bishiyar turare ya sunkuyo ya sure ka sama ba sallama, ka ce ya sauke ka, ya yi dariya. Gobe ma haka, jibi ma haka. Me za ka koma yi?" Ta ce ƙaton kare mai kilo 40 ba wanda yake sunkutar sa yana barci. In ya yi gurnani kowa ja da baya yake yi, kuma tun yana kwikwiyo ake koya masa zama da bin igiya, don an san in ya girma ba a iya masa. Ƙarami kuwa ba a koya masa komai, kuma ba a jin gargaɗinsa. Ya kau da kai ba a kula ba, ya yi gurnani aka yi dariya, ranar da ya sa haƙori sai aka sake shi. Daga nan ya gane abin da yake aiki.

Ta ambaci wani bincike, 'yata ta nemo shi a intanet ta karanta mana. A 2010 masana a jami'ar likitancin dabbobi ta Vienna, ƙasar Ostiriya, sun tattara amsoshin masu karnuka 1,276, suka kwatanta waɗanda ba su kai kilo 20 ba da manya. Sun tarar ƙananan sun fi rashin jin magana, sun fi tsoro da saurin hasala. Amma sun kuma tarar masu su sun fi saɓa wa kansu a kan doka, yau a hana gobe a bari, kuma ba su cika wasa da su ko horar da su ba. Sannan inda aka fi yawan hukunci, nan aka fi samun tsoro da kai hari. Ban ce duk laifin na mutane ba ne. Lasa da ma can ba ya sakin jiki da baƙo, haka aka halicci irinsa. Kuma abokina ya gaya mini a kejin mai sayarwa ya yi watanninsa na farko, alhali daga mako 3 zuwa wajen mako 12 ne kwikwiyo yake sabawa da mutane da ƙara da hayaniya. Amma abin da ke hannunmu shi ne abin da ake yi masa a gidanmu.

Hajiya mahaifiyata ta ce, "Kai dai kana wahalar da kanka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Na isar wa likita da maganar, ta ce Hajiya ta yi gaskiya a kan sauƙi, amma babban kare ma yana koyo, lokaci kawai yake ci.

Bayan sallar isha na tara kowa a tsakar gida, har da yaron kaji, muka tsayar da magana ɗaya. Ba mai ƙara ɗaukar Auduga. Ba mai taɓa shi yana barci ko yana ci. Mai son wasa da shi ya tsuguna ya kira shi, in ya zo to, in bai zo ba a ƙyale shi. Ba duka, ba tsawa, ba tsokana. Na koya musu alamun da likita ta nuna mini, waɗanda suke zuwa kafin gurnani: yana lasar hanci ba abinci a gabansa, yana hamma ba barci yake ji ba, ya kau da kai yana kallon ka ta gefen ido har farin idon ya fito, ya kwantar da kunnuwa, ya matse bindi, ko ya sandare cak. Duk wanda ya ga ɗaya daga ciki ya ja baya. Abin da ya fi yi wa uwargida wuyar karɓa shi ne kada a hukunta shi a kan gurnani. Ta ce, "Wato ya yi mini rashin kunya in ba shi hanya?" Na ce mata abin da aka ce mini: in aka dake shi ya daina gurnani, tsoron yana nan a cikinsa, gargaɗin kawai aka kashe, kuma irin wannan karen ne yake cizo ba zato. Ta yi shiru, ta ce za ta gwada. Ita ce ta zo ta fi kowa riƙe dokar.

Kayan aikinmu hanta ce. Ana dafa ta ba gishiri ba yaji, a yayyanka ƙanana ƙwarai, a riƙa ragewa daga abincinsa na yini don kada ƙiba ta shigo. Darasi ba ya wuce 'yan mintoci, safe da yamma, kafin ya ci. Na riƙe hanta a saman hancinsa na ja ta baya kaɗan, ya ɗaga kai, gindinsa ya sauka ƙasa, nan take na ce "yawwa" na ba shi. Saurin bayarwar shi ne sirrin, in aka yi jinkiri ba ya gane abin da aka saka masa a kai. Da haka ya koyi "zauna", ya koyi "zo". Kowa kalma ɗaya yake faɗi, ba wannan ya ce "zauna" wancan ya faɗa da Turanci ba.

Kujerar baranda ba mu yi jayayya da shi a kanta ba. Mun kife ta, muka shimfiɗa masa tsohuwar tabarma a lungu, duk lokacin da ya taka ta ya samu hanta, har kalmar "tabarma" ta zama umarni. Kwanon abinci kuwa da ma maƙwabcina cewa ya yi in riƙa fizge shi yana ci don ya san ni ne babba. Likita ta ce wannan tabbatar masa ne da abin da yake tsoro. Abin da na yi shi ne, yana ci sai in gifta daga nesa in jefa masa abin da ya fi na cikin kwanon daɗi, in wuce. A hankali na riƙa rage tazarar. Ranar da na ga ya ɗago yana kaɗa bindi da jin takuna, maimakon ya duƙufa ya sandare, na san an samu kansa. Duk da haka har yau a lungunsa yake ci, kuma yara ba sa zuwa wurin.

Ƙofar gida ce ta fi cin lokaci. Da farko na sa an toshe ƙasan get da langa-langa, don ta nan yake hango ƙafafun masu wucewa ya wuni yana haushi, kuma duk wanda ya wuce, shi a ganinsa korar sa ya yi. Sannan na roƙi mai ruwanmu ya taimaka, na ƙara masa ɗan wani abu. Ya ce, "Maigida, ba dai zai cije ni ba ko?" Na ce yana ɗaure a hannuna. Na tsaya da Auduga can ƙuryar gida, inda zai hangi mutumin amma bai kai ga haushi ba. Mai ruwa ya leƙo, hanta ta fara sauka. Ya koma, hanta ta tsaya. Haka muka yi ta yi. Abin da ake so ya shiga kansa shi ne ganin baƙo alheri yake kawowa. Duk lokacin da na matsa kusa ya ɓarke da haushi har ya ƙi karɓar hantar, to na yi gaggawa ke nan, sai mu koma baya mu sake farawa daga inda yake iya jurewa. Akwai makonnin da na ga kamar ba ma gaba, kuma a nan ne na fahimci dalilin da ya sa mutane suke komawa ga bulala: tana kawo shiru nan take, ita kuwa wannan hanyar sai mutum ya waiwaya baya sosai kafin ya ga nisan da aka yi. Daga baya mai ruwan da kansa yake jefa masa hantar, a tsaye a karkace, ba ya kallon idonsa, ba ya miƙa hannu.

Ba so nake ya daina haushi gaba ɗaya ba, ai don shi na ajiye shi. Abin da muka koya masa shi ne ya sanar ya tsaya. In aka ƙwanƙwasa ya yi haushi kaɗan, sai wanda ke kusa ya ce "ya isa" da murya a ƙasa, ya nuna tabarma, ya je ya kwanta ya karɓi rabonsa, sannan a buɗe. Tsawa ba ta taɓa sa shi shiru ba, don a kunnensa kai ma haushin kake taya shi.

Fita da shi ta rage matsalar fiye da yadda na zata. Bayan na dawo daga sallar asuba nake zagawa da shi ta bayan unguwa inda ba jama'a, a ɗaure, kuma ina kauce wa mutane, don ba kowa ne yake son kare ya matso shi ba, kuma hakkinsu ne. Ɗamarar ƙirji nake sa masa maimakon abin wuya, saboda maƙogwaron ƙananan karnuka ba ya jure ja. Ina barin sa ya yi ta sunsune-sunsunensa, ranar da ya fita kuwa wuni yake yi a natse. Fitsarin ginshiƙai kuma alamar yanki ce irin ta namiji. Likita ta yi masa fiɗiya, ta kuma faɗa mini tun kafin a yi cewa za ta rage wannan amma ba ta maganin tsoro. Muka wanke wuraren da sabulu da ruwan khal don warin ya fita, muka ɗaga buhunan dusa, ana kai shi bayan gida da safe da bayan ya ci, in ya yi a can a ba shi hanta.

Ɗauka ma sai da muka koya masa, don dole wata rana a ɗora shi a teburin likita. Ni da uwargida kaɗai muke yi. Sai an ce "sama" tukuna, hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji ɗaya a ƙarƙashin gindi, a ɗaga kaɗan a sauke a ba shi lada. Yanzu da ya ji kalmar juyowa yake yi ya gyara tsayuwa. Gashin kuma ba ma barin sa ya yi tsawo, ana taje shi a kai a kai, ana duba kunnen.

An samu koma baya ranar da aka yi suna a gidanmu. Mata sun cika tsakar gida, yara suna guje-guje, sai ya cafki bakin zanen wata baƙuwa. Bai taɓa fata ba, amma hankalina ya tashi. Likita ta ce wannan taron ya fi ƙarfinsa, kuma ba dole ne sai ya iya komai ba. Tun daga nan, duk ranar taro ko Sallah, tun kafin baƙi su fara zuwa ake kai shi ɗakin ajiya na baya da tabarmarsa da ruwa da abin da zai yi ta gwaguya, a kulle. Ƙaramin yaro kuwa, ɗan gida ne ko baƙo, ba a barin sa da Auduga sai da babba a wurin. Ƙanwata ta yarda ɗanta ya ci gaba da zuwa hutu bisa wannan sharaɗin.

Abin da ya rage mana yanzu shi ne ƙara. Tsawar damina ta Filato da nokawut ɗin da yara suke fasawa a watan Disamba har yanzu suna sa shi kyarma ya nemi maɓoya. Muna rufe shi a ɗakin bayan da rediyo a kunne, kuma 'yata ta sauko da ƙarar tsawa a waya tana kunna masa ƙasa ƙasa lokacin cin abinci, tana ƙarawa kaɗan kaɗan in ta ga bai daina ci ba. Likita ta ce in Disamba ta matso bai samu sauƙi ba, mu kawo shi ta duba ko yana bukatar maganin kwantar da hankali na ranakun, a haɗa da allurarsa ta shekara.